WAI FACEBOOK NE YA ƊAUKI HOTON?

Shekaranjiya da daddare wani yaro da muke ofis ɗaya ya turo min labarin wata jarida ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Oga, anya wannan ba hoton nan naka ba ne?" Na buɗe. Shi ne kuwa. Hoton da na ɗauka da wayata shekara huɗu da suka wuce, a bakin kwalbatin unguwarmu da ruwa ya cinye, ga 'yan makaranta sun ɗora jakunkuna a ka suna ratsawa. Wannan karon an liƙa shi a labarin ambaliyar wata jihar da ban taɓa taka ƙafata ba. A ƙasansa an rubuta: "Hoto: Facebook".

Jama'a, wai Facebook ɗin ne ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa har gwiwa da ƙarfe bakwai na safe?

Bari in faɗi yadda abin ya faro. Ran da na ɗauki hoton ina kan hanyar ofis ne. Na sa shi a shafina da layi biyu, ina roƙon hukuma ta dubi kwalbatin kafin ya ci rai. Bayan kwana uku sai ga shi a shafin farko na wata jarida, an datse gefensa, an manna masa tambarinsu. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya turo saƙo. Da farko har na ɗan ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗin bai kai magariba ba. Maƙwabcina, wanda 'yarsa ce a gaban hoton, ya yi min sallama a ƙofar gida. Muka gaisa, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe sayar da hoton yarinyar nan ka yi? Ai da ka sanar da ni." Na rantse masa ko sisi ban karɓa ba, ban ma san za a buga ba. Ya ce ba komai. Amma duk wanda ya san "ba komai" ɗin Bahaushe ya san da komai. Kusan shekara muka yi gaisuwarmu daga nesa.

Na rubuta wa jaridar sau biyu. A na biyun wani ya amsa min da cewa ai hoton yana yawo ne a intanet, kuma abin da ke intanet na kowa ne. Wannan amsar ce ta sa na shiga bin tarihin abin, don in gane ko haka aka saba tun asali. Ashe ba haka aka faro ba. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, ga abin da na samo.

Ranar 7 ga Disamba 1946 gobara ta tashi a otal ɗin Winecoff da ke birnin Atlanta a Amurka, mutum 119 suka mutu. Wani ɗalibin jami'a mai suna Arnold Hardy, wanda ɗaukar hoto sha'awa ce kawai a wurinsa, ya ruga da 'yar kyamararsa. Da ƙwan fitilarsa na ƙarshe ya kama hoton wata mata tana faɗowa daga bene. Ya wanke fim ɗin, ya kai ofishin kamfanin dillancin labarai na AP, suka biya shi dala 300. A 1947 aka ba shi kyautar Pulitzer, wadda ita ce mafi girma a aikin jarida a Amurka, ya zama na farko da ya ci ta a fannin hoto alhali ba sana'arsa ba ce.

A 1953 wata matar aure, Virginia Schau, suna kan hanyar zuwa kamun kifi a jihar Kalifoniya, sai wata babbar mota ta ƙwace a kan gada, kanta ya rataye a sama. Tana da ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ta ɗauki hoton yadda ake jawo direban da igiya. Jaridar Sacramento Bee ta ba ta dala 10 ta gasar hoton mako. Kuɗin ba yawa, amma an biya, kuma da sunanta hoton ya zaga duniya. A 1954 ta ci Pulitzer, mace ta farko da ta ci a fannin hoto.

Sai babban misali. Ranar 22 ga Nuwamba 1963, wani mai kamfanin ɗinkin kayan mata a birnin Dallas, Abraham Zapruder, ya hau wani dakali da kyamarar gida don ya ɗauki wucewar Shugaba Kennedy. Cikin daƙiƙa 26 ya ɗauki kisan shugaban ƙasa. Washegari da sassafe wakilin mujallar Life yana zaune a ofishinsa ana ciniki. Suka fara da dala 50,000, daga baya cinikin ya kai dala 150,000. Zapruder ya cire 25,000 ya ba matar ɗan sandan nan J.D. Tippit da aka kashe a ranar. A 1999 kuma aka yanke cewa gwamnatin Amurka ta biya iyalansa dala miliyan 16 don ta riƙe ainihin fim ɗin.

To me ya sa manyan jaridu suke bin ɗalibi da matar aure da tela har gida? Kada mu ce editocin da sun fi na yanzu tsoron Allah. Dalilin a fili yake: a wancan zamanin hoto kaya ne da ake riƙewa a hannu. Fim ɗaya ne, yana aljihun mai shi. In kana so, dole ka je ka yi sallama, ka zauna, ka taya. Kuma duk wanda ka zauna ka yi ciniki da shi ka san sunansa. Dokar ma tana nan tun tuni: a 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa hoto yana da haƙƙin mallaka, a shari'ar wani hoton marubuci Oscar Wilde da wani kamfani ya buga ya sayar ba izini. A 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Berne a Suwizalan don kare ayyukan fasaha tsakanin ƙasashe. Amma abin da ya fi doka tsare mai hoto a lokacin shi ne ba yadda za a yi a samu hoton sai ta hannunsa.

Alamar canji ta fara bayyana tun kafin intanet. Daren 3 ga Maris 1991, wani mai gyaran famfo a Los Angeles, George Holliday, ya farka da ƙarar jiniya, ya fito baranda da sabuwar kyamarar bidiyonsa, ya ɗauki 'yan sanda suna lakaɗa wa wani baƙar fata, Rodney King, dukan kawo wuƙa. Ya kai kaset ɗin gidan talabijin na KTLA, aka ba shi dala 500. Daga nan kaset ya fita hannunsa, ya shiga CNN, ya shiga kowace tasha a duniya. Da aka wanke 'yan sandan huɗu a Afrilun 1992, garin ya kama da wuta, sama da mutum 50 suka mutu. Holliday ya kai tashoshin ƙara, bai yi nasara ba. Ya ci gaba da gyaran famfonsa har ya rasu a 2021. Kun ga bambancinsa da Zapruder: shekara 28 kacal tsakani, amma shi kayansa ana iya kwafa cikin minti kaɗan, kuma da zarar kwafi ɗaya ya fita, ciniki ya ƙare.

Sai waya mai kyamara ta shigo. A igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamba 2004, hotunan farko da duniya ta gani daga hannun 'yan yawon buɗe ido suka fito. Ranar 7 ga Yulin 2005, da aka kai harin bam a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata bas a Landan, aka kashe mutum 52, fasinjoji ne suka ɗauki hotunan cikin ramin da wayoyinsu, wurin da babu ɗan jaridar da zai iya shiga. Cikin sa'o'i shida BBC ta karɓi hotuna sama da 1,000 daga jama'a, kyauta. Daga ranar kafafen labarai suka gane cewa akwai miliyoyin masu ɗaukar hoto a kan titi da ba sa karɓar albashi.

An yi ƙoƙarin a gyara tun da wuri. A shekarar ta 2005 aka buɗe wani kamfani mai suna Scoopt a birnin Glasgow, aikinsa ya karɓi hoton talaka ya sayar wa jarida a raba kuɗin biyu. Kamfanin Getty ya saye shi a 2007, ya rufe shi a 2009. Wa zai sayi abin da zai iya tsinta a ƙasa? A watan Janairun wannan shekarar ta 2009 ne jirgin sama ɗauke da mutum 155 ya sauka a kogin Hudson na New York, wani fasinjan jirgin fito, Janis Krums, ya ɗauki hoto da wayarsa ya sa a Twitter, hoton ya riga duk wani ɗan jarida isa ko'ina. A gefe guda kuma kuɗin talla yana ƙaurace wa jaridu yana komawa intanet. A Mayun 2013 jaridar Chicago Sun-Times ta sallami duka ma'aikatanta na sashen hoto, mutum 28, ta ce 'yan rahoto su koyi ɗauka da waya. In ka kori masu ɗaukar hotonka, kuma gobe dole shafi ya fito da hoto, ina za ka nufa? Shafin mutane.

Yanzu ga shari'ar da nake so kowa ya riƙe. Ranar 12 ga Janairun 2010 girgizar ƙasa ta rusa Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Daniel Morel, ɗan ƙasar, yana cikin garin. Ya ɗauki hotuna a sa'o'in farko, ya samu intanet da ƙyar, ya sa su a Twitter. Wani mutum a Jamhuriyar Dominika da ke maƙwabtaka ya kwashe su ya sa a nasa shafin kamar shi ya ɗauka. Kamfanin dillancin labaran Faransa, AFP, ya ɗauka daga can ya raba wa abokan cinikinsa, Getty ya raba a Amurka, hotunan suka cika shafukan farko na duniya, da yawa da sunan wancan mutumin. Da Morel ya yi magana, kun san abin da ya faru? AFP ne ya riga shi zuwa kotu a New York, yana neman a tabbatar masa cewa duk wanda ya sa hoto a Twitter ya ba kowa izinin ɗauka. Wato irin amsar da aka ba ni, sai dai su da lauyoyi suka faɗe ta.

A Janairun 2013 mai shari'a Alison Nathan ta yi watsi da wannan hujja. Ta ce sharuɗɗan Twitter ba su ba wani kamfani damar kwashe hoto ya sayar ba. Ranar 22 ga Nuwamban 2013, shekara 50 cif da ranar da Zapruder ya hau dakalinsa, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce AFP da Getty da gangan suka yi, su biya Morel dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas.

Sai dai a lura da abu ɗaya. Morel tsohon hannu ne a sana'ar, ya yi shekaru yana aiki da AP, ya san haƙƙinsa, ya samu lauyoyi, amma duk da haka sai da ya yi kusan shekara huɗu yana zaryar kotu. To ina ga ɗan acaɓa ko malamar firamare da ta ɗauki hoton gobarar kasuwa da wayar dubu arba'in? Kan wannan ake cin ƙarensu ba babbaka: an san ba za su je kotu ba.

Mu dawo gida. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ba wanda ya zaci za ta zama kyamarar ƙasa. Yau in aka yi gobara, ko haɗari, ko ambaliya, hoton farko daga wayar wani bawan Allah yake fitowa. Ku tuna Satumban 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri: mutanen garin ne, wasu daga kan rufin gidajensu, suka nuna wa duniya halin da ake ciki. Mutum nawa ne a cikinsu muka ga sunansa a ƙasan hoto? Abin da muka saba gani shi ne "Hoto: Facebook", "Hoto: kafofin sada zumunta", ko a bar wurin fayau, ko kuma, mafi muni, a manna tambarin jarida a kan hoton da ba ita ta ɗauka ba, wai don kada a sace mata.

Kuma fa ba rashin doka ba ne. Muna da dokar haƙƙin mallaka tun ta 1988, wadda ta kafa hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993. A Maris ɗin 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda har ta tanadi hanyar da za ka nemi a sauke aikinka daga intanet in an ɗora ba izininka. A ƙarƙashin dokar, hoto naka ne tun daga lokacin da ka danna, ba sai ka yi rajista ba, ba sai kana da katin ɗan jarida ba. Gaskiya ne dokar ta yi sassauci ga masu ba da rahoton abin da ke faruwa, amma ta haɗa da sharaɗin a ambaci mai aikin in har hakan zai yiwu. Kuma Facebook da kansa ya rubuta a sharuɗɗansa cewa abin da ka ɗora naka ne, shi izinin nunawa kawai ka ba shi. Saboda haka rubuta "Hoto: Facebook" daidai yake da ka ɗauki keken mutum a ƙofar masallaci, a tambaye ka na wane ne, ka ce na masallaci ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Mu ne masu "in ji wane". Marubutan waƙoƙinmu na da sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe don kada waƙa ta yi yawo ba uba. Malamanmu ba sa karɓar magana sai sun ji daga wa aka ji ta. Kuma jaridun nan su ne suka yi shekaru suna rubuta yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar finafinan Hausa. In wani shafi ya kwafi labarinsu ba ambato, har sanarwar gargaɗi suke fitarwa. Ashe zafin satar sai in kai aka yi wa?

Zan yi adalci ga 'yan jarida, don ina da abokai a cikinsu, na san wasu sai su yi wata uku ba albashi. Na san labari ba ya jira. Na san hoto in ya bi ta gidajen WhatsApp goma, gano mai shi aiki ne. Na kuma san akwai lokacin da ɓoye suna shi ne kariya. Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17 da ta ɗauki bidiyon kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020, sunanta ya fito, har kwamitin Pulitzer ya karrama ta a 2021, amma ta sha tsangwama da tashin hankali a kan haka. Ni kaina ma'aikacin gwamnati ne. Da jaridar nan ta tambaye ni a lokacin, wataƙila in ce su buga amma kada su sa sunana, don ban san yadda manyana za su ɗauki abin ba. Kuma tabbas da na ce su rufe fuskokin yaran, ko su jira in nemi iznin iyayensu. Wannan shi ne amfanin tambaya: ni ne zan zaɓa. Sannan da sun tambaya, da sun san garin da aka ɗauki hoton da shekarar, da ba a wayi gari yau ana yi wa masu karatu ƙarya da shi a kan wata jiha ba. Hoton da aka raba da mai shi an raba shi da shaidarsa, kowa sai ya liƙa masa labarin da ya ga dama. Nan ne rashin ambato yake haɗuwa da labaran ƙarya da muke kuka da su kullum.

Kafin in nuna wani da yatsa, bari in nuna kaina. A ofishinmu, sau nawa muka haɗa rahoton shekara ko kalanda ko allon taro da hotunan da muka kwaso daga Google? Ni da hannuna na yi, ba sau ɗaya ba. Sai da aka yi min na san da ciwo. Tun daga lokacin, duk takardar da za ta bi ta teburina da hoto sai na tambayi wanda ya ɗauka. Yaran ofis suna ganin na cika ƙa'ida. Su gani.

Ga editocinmu, roƙona uku ne, kuma biyu daga ciki kyauta ne. Ku tambaya: saƙo ɗaya ne, minti biyu. Ku rubuta sunan mutum in ya yarda, sunansa ba sunan manhaja ba. In hoton ya kai a sa shi a shafin farko a sayar da jarida da shi, to ya kai a biya, ko yaya ne. Sacramento Bee dala 10 ta bayar, ga shi bayan shekara 70 muna ambatonta da alheri.

Ga 'yan'uwana masu waya a hannu: in ka ɗauki hoto mai muhimmanci, kada ka goge na asalin daga wayarka, don shi ne yake ɗauke da rana da lokacin da aka ɗauka, wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa wannan bayanin. Ka fara sa shi a shafinka kafin ka raba a gidaje. Ka rubuta sunanka a jikinsa in kana so a san naka ne. In an ɗauka ba izini, ka adana shaidar shafin da ranar, ka rubuta wa edita cikin ladabi, ka faɗi abin da kake so: a sa suna, a biya, ko a sauke. In sun yi kunnen uwar shegu, akwai hukumar haƙƙin mallaka, akwai Babbar Kotun Tarayya, ita ke sauraron irin wannan ƙara. Kuma kafin ka ɗora fuskar ɗan wani, ka tuna da maƙwabcina.

Jiya na sake rubuta wasiƙa, ta uku ke nan a kan hoto ɗaya, wannan karon ga jarida ta biyu. Na ce ba kuɗi nake nema ba, su sauke shi daga labarin da ba nasa ba, su kuma gaya wa masu karatunsu gaskiyar inda aka ɗauke shi. Da yamma na je na nuna wa maƙwabcin nawa wasiƙar kafin in tura, don kada ya sake ji a bakin wani. Yarinyar yanzu tana aji uku a sakandare. Kwalbatin kuma an gyara shi bara.

Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan, ina so in ji yadda ya ƙare da su. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna.